Dokar shafa mai a layin bolin: me ya sa ake aunawa?

Samarinmu na Nima da Mamobi da ke zuwa wasan bolin (mirgina ƙwallo a kan layi don kayar da sanduna goma) a Accra, musamman lokacin Sallah, sun san layin yana sheƙi. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne mai ne ake shafawa, kuma a manyan gasanni wannan man yana da doka mai tsauri.

Layin ƙafa 60 ne daga inda ake sakin ƙwallo zuwa sandar farko, an jera shi da siraran katakai 39. Da farko don kare katakon ake shafa man. Daga baya aka gane shi ke juya wasan. Inda akwai mai, ƙwallo zamewa take yi. Inda ya bushe, sai ta kama ƙasa ta lanƙwasa. Inji ke shimfiɗa shi, man kuma ba ya kaiwa ƙarshen layin.

A gidajen wasa na nishaɗi ana tara mai a tsakiya, a bar gefe kusan a bushe, har na tsakiyar ya ninka na gefe sau goma. Idan jifarka ta karkace waje, busasshen gefe ya dawo da ita. Idan ta shige ciki, man ya riƙe ta har ta isa inda ake so. Mai gidan yana son ka ci maki ka sake dawowa, ni ban ga laifinsa ba. Amma maki 200 a irin wannan layi da maki 200 a layin gasa, kamar olonka (gwangwanin awo) biyu ne, ɗaya an buga gindinsa ciki.

Shi ya sa hukumar wasan ta Amurka, USBC, wadda aka kafa a 2005, ta raba shimfiɗar mai aji-aji. A aji mafi tsauri, man tsakiya ba zai wuce ninki huɗu na gefe ba. Da zarar bambancin ya ragu, layin ya daina gyara wa kowa kuskure. Tsawo ma ana ƙayyade shi, a sanar kafin gasa. Ƙungiyar ƙwararru ta PBA har sunayen dabbobi ta ba shimfiɗunta: Cheetah gajere ne, Shark dogo. Tun 2013 takan sa shuɗin launi a man a wasu wasannin talabijin, don mai kallo ya gani da idonsa.

Hukuma ba ta wasa da wannan. A ranar 1 ga Yulin 1982, Glenn Allison ya ci maki 300 sau uku a jere a La Habra ta jihar Kalifoniya, wato 900 cif, iyakar abin da ake iya ci. Hukumar lokacin, ABC, ta ƙi amincewa, ta ce man layin bai cika ƙa'ida ba. Abin tausayi ne, don ba shi ya shafa man ba. Sai a 1997 aka amince da 900 na farko, na Jeremy Sonnenfeld.

Inda dokar ke gazawa shi ne bayan an fara wasa. Kowace jifa tana taɓa man: wata ƙwallon ta tsotse shi, wata ta ja shi gaba zuwa busasshen wuri. Masu hannun dama sun fi yawa nesa ba kusa ba, don haka ɓangarensu ke saurin lalacewa, na bahagwai kuwa ya daɗe lafiya lau. A wata shimfiɗar kuma bahagwan ne ke shan wuya, don babu masu buɗe musu hanya. An daɗe ana wannan gardama, kuma a ganina babu injin da zai kashe ta. Abin da ake yi shi ne rage ta: ana juya 'yan wasa daga layi zuwa layi, a sake shafa mai tsakanin rukuni da rukuni. Tun 2019 ma USBC ta ce busasshen tawul kaɗai za a goge ƙwallo da shi ana cikin gasa.

Don haka idan ƙungiyar matasan zango ta shirya gasa, mutane suka zuba sidinsu, masu shiryawa su tambayi mai gidan yaushe aka shafa mai, kuma ko iri ɗaya ne a duk layukan. A gaya wa kowa tun kafin jifar farko, sannan a riƙa musayar layi bayan kowane wasa.