Kayan Gwajin Na'urorin Aika Haske da Karɓarsa a Wayar Faiba

Wayar faiba zare ne na gilashi mai ɗaukar bayanai a siffar haske. A kowane bakinta ana cusa wata 'yar na'ura da ba ta wuce tsawon yatsa ba, wadda ke mayar da siginar lantarki haske idan za ta aika, ta kuma mayar da haske lantarki idan ta karɓa. Masu sana'ar suna kiranta da sunan samfurinta, kamar SFP+ ko QSFP28, kuma ba a amincewa da ita sai an gwada ɓangarorin nan biyu.

Ana duba ɓangaren aikawa da osiloskof mai saurin gaske, wanda ke jibga dubban siginoni a kan juna har hotonsu ya yi kama da ido. Idan idon ya buɗe tangaran, haske da duhu sun bambanta sarai. Idan ya kanne, mai karɓa zai riƙa rikita sifili da ɗaya.

Gwajin mai karɓa ya fi wuya, kuma shi ne ya fi cancantar a ba shi lokaci. Na'urar da ake kira BERT tana tura jerin bit, wato sifili da ɗaya, da aka riga aka sani, kamar PRBS31 wanda ba ya maimaita kansa sai bayan bit sama da biliyan 2, sannan ta ƙirga waɗanda suka dawo a gurɓace. Ana sanya maragin haske a tsakani, ana dushe hasken sannu a hankali har a ga inda mai karɓa ya fara tuntuɓe. Ƙa'idar IEEE 802.3ae ta 2002, mai gudun gigabit 10, wato bit biliyan 10 a daƙiƙa, ba ta yarda da fiye da kuskure ɗaya cikin bit tiriliyan ɗaya ba, kuma tabbatar da haka yana bukatar kamar minti biyar ba tare da kuskure ko ɗaya ba. Akan kuma ɓata siginar da gangan, a sa mata rawa da hayaniya, domin siginar da ta yi tafiyar kilomita 10 ba ta isowa da tsabtar da ta fita da ita. Da ƙa'idar 802.3bs ta 2017 ta kawo gigabit 400 da tsarin PAM4 mai matakan haske huɗu, sai idon ya zama uku ƙanana, aka kuma shigo da TDECQ, ma'aunin yadda idon ɓangaren aikawa ke kannewa.

Waɗannan kaya na kamfanoni irin su Keysight da Anritsu suna da ɗan karen tsada, shi ya sa sun fi zama a masana'antu da ɗakunan gwaji. Ma'aikacin da ke gyaran layi a Birnin Kebbi ko Argungu abin da ke jakarsa shi ne ma'aunin ƙarfin haske, da madubin duba bakin waya, da OTDR mai gano inda waya ta tsinke. Ma'aunin yana nuna akwai haske, amma ba ya nuna ko hasken lafiyayye ne. Madubin kuwa bai kamata a raina shi ba, domin zuciyar zaren mai dogon zango maikuron 9 ce kacal (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ƙwayar ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta tare ta.

Zafi ma abin lura ne. Na'urorin aikawa da karɓa na gama-gari an ƙera su ne don digiri 0 zuwa 70, na masana'antu kuma daga 40 ƙasa da sifili zuwa 85. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kebbi kan haura digiri 40, akwatin ƙarfe a gindin turken sadarwa yana tara zafi ainun, ƙarfin lesa, wadda ke fitar da hasken, kuma yana raguwa da zafi. Saboda haka ne akan maimaita gwajin a cikin akwatin zafi kafin na'urar ta bar masana'anta.