Hujin leza a tangaran mai zare

Hujin leza, wato huji da haske mai ƙarfi da aka tattara wuri guda, hanya ce ta ɓula ƙananan kafofi masu siffa ta musamman a jikin tangaran da aka ƙarfafa da zaren silikon kabaid (haɗin sinadarin silikon da kabon), galibi sassan injin jirgin sama. Nauyin wannan tangaran kusan kashi ɗaya cikin uku ne na gamin ƙarfen nikel da aka saba ƙera irin waɗannan sassa da shi, kuma yana jure zafin wajen digiri 1,300 a ma'aunin Selsiyos. Sai dai taurinsa ya kusa na daimon. Yakan cinye bakin ƙarfen huji nan da nan, zaren ma ya yage.

Tarihi

Theodore Maiman ne ya fara kunna leza a 1960, a ɗakin binciken kamfanin Hughes da ke Amurka. Huji na cikin ayyukan farko da aka ba ta a masana'anta: a wajejen 1965 kamfanin Western Electric ya yi amfani da ita wajen huda daimon ɗin da ake jan waya ta cikinsa. Daga baya masu ƙera injin jirgi suka ɗauke ta don huda ƙarfe. Tangaran mai zare kuwa bai samu gindin zama a jiragen fasinja ba sai da injin LEAP na kamfanin CFM International ya fara aiki a 2016.

Siffar kafa

Faɗin kafar sau da yawa bai kai milimita ɗaya ba. A karkace ake huda ta, a buɗe bakinta na waje kamar mazurari, don iska mai sanyi ta kwanta a jikin sashen ta kare shi daga wuta. Nan aikin yake da wuya. Ko dai a yi ta harba haske wuri guda har ya ɓulle, ko a zagaya da shi yana yanke da'ira, sannan a sassaƙe bakin kaɗan-kaɗan.

Matsaloli

Zafi yakan bar narkakken ɓawo a bangon kafar, da tsaga ƙanana, ga kuma kafar tana tsukewa ta ƙasa. Lezar da walƙiyarta ke da gajarta ƙwarai, irin ta fikosakan da femtosakan (ƴan mitsi-mitsin kason daƙiƙa), tana rage wannan ɓarna, amma tana da jinkiri. Akwai kuma wadda ake tura haskenta cikin siririn ruwa, dabarar da Bernold Richerzhagen ya ɓullo da ita a Suwizalan a farkon shekarun 1990. Wadda ta fi dacewa da aiki mai yawa, masana ba su daidaita a kai ba.