Ba WrestleMania ce ta fara babbar gasar resilin ta biya-ka-kalla ba

Masu kallon resilin da yawa sun ɗauka cewa WrestleMania ta farko, wadda aka yi ranar 31 ga Maris 1985 a zauren Madison Square Garden na birnin New York, ita ce ta fara irin wannan babbar gasa, kuma a gida kowa ya biya ya kalla. Duka biyun ba haka ba ne.

Tun ranar 24 ga Nuwamba 1983 kamfanin Jim Crockett ya shirya babban wasan Starrcade a birnin Greensboro na Amurka, inda Ric Flair ya kayar da Harley Race cikin kejin ƙarfe. Wasan nan ya cancanci a tuna shi. Mutane sun sayi tikiti sun shiga manyan ɗakuna suna kallo a majigi, kuma ta haka mafi yawan jama'a suka kalli WrestleMania ta farkon ma.

Biya a gida ta kebul ya bunƙasa ne daga baya. A 1987 WWF, mai shirya WrestleMania, ta ƙirƙiro wasan Survivor Series rana ɗaya da Starrcade, ta gargaɗi kamfanonin kebul cewa duk wanda ya nuna wasan Crockett ba zai samu WrestleMania ta gaba ba. Kaɗan ne suka nuna shi.