Tsohuwar Kwalejin Katsina: abin da doka ta hana a yi wa ginin tarihi

An kafa Kwalejin Katsina a 1921, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922 don horar da malamai. A nan Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Imam suka yi karatu. Makarantar ta tashi zuwa Kaduna a 1938, daga can ta koma Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Ginin ƙasar da ta bari a Katsina kuwa, a 1959 aka ayyana shi a matsayin abin tarihi na ƙasa, yanzu gidan adana kayan tarihi ne. To mece ce kariyar da wannan matsayi yake ba shi?

Dokar da ke aiki a kai ita ce ta Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, NCMM. Gwamnatin soja ta yi ta a 1979, doka mai lamba 77, ta maye gurbin wadda Turawa suka yi a 1953. Tsufa kaɗai ba ya sa gini ya shiga ƙarƙashinta. Sai hukumar ta buga sanarwa a jaridar gwamnatin tarayya, ta sanar da mai wurin, sannan ta nemi Shugaban Ƙasa ya ayyana shi. Gidan kakanka ko ya shekara 200, in ba a bi wannan hanya ba, ba ya cikin jerin.

Da zarar an ayyana, laifi ne mutum ya rushe ginin da gangan, ko ya ɓata shi, ko ya sauya masa kama, ko ya ɗauke wani ɓangarensa, ko ya yi haƙa a wurin ba da izini ba. Maganar sauya kama ce mutane suka fi yi wa gurguwar fahimta. Dokar ba ta ce dole aji ya ci gaba da zama aji ba, shi ya sa ɗakunan da ɗalibai suka zauna suka koma wurin baje kayan tarihi. Jikin ginin take karewa. Mai kyakkyawar niyya ma yana iya faɗawa cikin laifin. A ce wani mai hali ya ga bango ya tsage, ya kawo buhunan siminti ya shafe shi don ya taimaka. A idon doka ya sauya abin tarihi, a idon magina kuma ya yi ɓarna, domin siminti yana tsare laima a cikin bangon ƙasa, tubalin ya riƙa rubewa ta ciki, waje kuwa sumul, har ranar da shafen zai ɓalle gaba ɗaya. Gyaran da ya dace da irin wannan gini shi ne na gado: ƙasa da aka kwaɓa da ciyawa ta kwana ta tsumu, yaɓe kafin damina, azara a madadin azarar da gara ta ci, da share indararo don kada ruwa ya kwanta a kan soro. Shi ma da sanin hukumar ake yin sa.

Hukuncin da aka tanada tara ce ta naira 1,000 ko ninki biyu na darajar abin da aka lalata, duk wanda ya fi yawa, ko ɗaurin wata 12, ko a haɗa wa mutum duka. A 1979 naira 1,000 kuɗi ne. Yau ba ta sayen buhun siminti ɗaya. Ninkin darajar ne ke da ɗan haƙori, amma wa zai yi wa ajin da Tafawa Ɓalewa ya zauna kuɗi? An ga iyakar wannan tsoratarwa a Legas a 2016, lokacin da aka rushe Ilojo Bar, gini mai fasalin Birazil da yake cikin jerin tun 1956.

A ganina babban giɓin ba a tarar yake ba. Dokar ta san mai gatari da mai katafila, amma ginin ƙasa sau da yawa sakaci ne ke kashe shi. Ta ba hukumar ikon kula da wurin da gyara shi idan yana neman lalacewa, sai dai iko daban, kuɗin aiki daban. Damina biyu ko uku ba yaɓe sun isa su zaizaye kan katanga, kuma ba wanda za a kai kotu a kan haka.

Kayan da ke cikin gidan tarihin kuma suna da nasu sharuɗɗan. Ba a saye ko sayar da abin tarihi sai ta hannun wakilin da hukumar ta amince da shi, ba a kuma fita da shi daga Najeriya sai da takardar izininta. Wannan ya shafi abin da ke ajiye a gidajen mutane, kamar tsohon takobi ko rubutun hannu da aka yi a ƙasar nan kafin 1918.