Okestira: Dangin Kayan Kiɗa, Sauri da Saƙar Sauti

Mece ce okestira, kuma mutum nawa ne a cikinta?

Okestira babbar ƙungiyar makaɗa ce da ta samo asali a Turai, inda kowa ke bin rubutaccen kiɗa a gabansa, jagora ɗaya kuma yana tsaye yana ba da umarni da hannu ko da 'yar sanda. Cikakkiya takan kai mutum 80 zuwa 100. An kasa kayan kiɗanta gida huɗu: masu tsirkiya, kayan busa na katako, kayan busa na tagulla, sai kayan bugawa.

Masu tsirkiya su ne suka fi yawa, kusan mutum 60: misali biyolin na farko 16, na biyu 14, biyola 12, calo 10, kwantirabas 8. Galibi kowanne tsirkiya huɗu gare shi, ana goga shi da izga kamar goge, kuma gwargwadon girman kayan, gwargwadon kaurin muryarsa. Dalilin wannan yawa shi ne biyolin ɗaya ba shi da ƙarfin amo. Tirampet uku da tirambon uku, kayan busa na tagulla, idan suka saki murya za su iya danne biyolin talatin, shi ya sa ake zaunar da masu tsirkiya a gaba, masu tagulla da ganguna a can baya.

Fulut da ƙarfe ake yin sa, to me ya kai shi gidan katako?

Ai ba abin da aka ƙera kayan da shi ake dubawa ba, yadda amo ke tashi ake dubawa. A gidan katako, ko dai iska ta daki gefen rami ta rabu biyu, kamar a fulut da sarewa, ko kuma ta girgiza wani siririn harshe na kara da ke bakin kayan. Kilarinet harshe ɗaya gare shi, obo da basun biyu-biyu. Algaitar da ake busa wa sarakuna ma harshe biyu gare ta, don haka ita da obo dangi ɗaya ne. Saksofon, wanda Adolphe Sax ya yi wa rajista a 1846, jikinsa tagulla ne, amma tunda harshen kara yake da shi, a gidan katako yake.

A gidan tagulla kuwa leɓɓan mai busa ne ke karkarwa a cikin ɗan kofin bakin kayan, kamar yadda ake busa kakaki. Tsawon bututu ke ƙayyade kaurin murya: na tirampet bai wuce mita ɗaya da rabi ba idan aka miƙe shi, na tuba kuwa yakan haura mita biyar.

Cikin kayan bugawa, timfani, wani babban tambari, ya fita daban, domin ana taka wani mataki da ƙafa a ɗaure fatarsa ko a sassauta ta, ya ba da murya takamaimai.

Me ya sa ake jin obo shi kaɗai kafin a fara?

Daidaita murya ake yi. Mai obo yana busa muryar da ake kira A, wadda a mafi yawan wurare girgizarta 440 ce a daƙiƙa, sauran su gyara nasu a kanta. Amonsa siriri ne mai ratsa kunne, kowa na jin sa. Wannan gyara ba ya ɗorewa har ƙarshe: idan ɗaki ya yi ɗumi, muryar kayan busa takan ɗan hau, ta tsirkiya kuma ta sauka saboda ta saki. Shi ya sa ake sake daidaitawa bayan hutu.

Yaya ake auna saurin kiɗa?

Da yawan bugu a minti ɗaya. Bugu 60 a minti daidai yake da tafiyar daƙiƙar agogo, 120 kuma ninkinsa ne. A saman takarda akan rubuta kalmar Italiyanci: Largo a hankali ƙwarai, wajen 40 zuwa 60, Adagio wajen 66 zuwa 76, Andante, takun mai tafiya, 76 zuwa 108, Allegro daga 120 zuwa sama, Presto daga 168. Waɗannan lambobi kimantawa ce kawai, jagorori sukan saɓa a kansu. Na'urar da ke ƙirga bugu, wato metironom, Johann Maelzel ne ya yi mata rajista a 1815, kuma Beethoven na cikin manyan marubuta kiɗa na farko da suka sa lambobinta a ayyukansu.

Ina aka fi samun tangarɗa a nan?

Wuri biyu. Na farko, masu koyo sukan haɗa ƙarfi da sauri: da an ce a ɗaga amo sai su ruga, da an ce a sassauta sai su ja ƙafa. Abubuwa biyu ne daban, kuma maganin shi ne a kunna metironom a ƙasa da saurin da ake so, a ƙware a nan, sannan a riƙa ƙara bugu huɗu ko biyar.

Na biyu ya shafi nisa. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, don haka mai ganga da ke mita 15 daga gaba, idan ya jira sai ya ji biyolin kafin ya buga, ya riga ya makara, kuma bugun nasa zai sake ɗaukar lokaci kafin ya iso gaba. Dole idonsa ya bi hannun jagora, kada ya dogara da kunne kaɗai.

Mene ne saƙar sauti?

Ita ce yawan layukan kari da ke tafiya lokaci guda da yadda suka shiga juna. A ganinmu nan ne daɗin sauraro yake, kuma nan ne aka fi sakaci. Idan kari ɗaya ne tak, kamar makiyayi na busa sarewa, saƙar mai zare ɗaya ce, ko da mutum goma ne ke yin karin tare. Idan kari ɗaya ke jan gaba, sauran kayan na tallafa masa daga ƙasa, wannan ita ce saƙar da ta fi yawa a waƙoƙin zamani. Ta uku ita ce mai wuya: kari biyu, uku ko huɗu, kowanne mai cin gashin kansa, wannan ya fara, wancan ya shigo daga baya da irin karin, suna tafiya ba tare da sun yi karo ba. Bach, marubucin kiɗa ɗan Jamus wanda ya rasu a 1750, ya shahara da ita. Akwai ta huɗu, da ta yawaita a kiɗan Larabawa, inda kowa ke bin kari ɗaya amma kowanne na yi masa nasa ado.

Ta yaya mai sauraro zai horar da kunnensa?

Ya nemi kiɗan Bolero na Ravel, marubucin kiɗa ɗan Faransa, na shekarar 1928, mai kimanin minti 15. Ƙaramar ganga tana maimaita bugu iri ɗaya, saurin kuma ba ya canzawa. Fulut ke fara karin, kilarinet ya karɓa, sai basun, ana ta ƙara kaya har dukan okestira ta shigo. A sauraron farko ya taka ƙafa da bugun don ya tabbatar saurin bai motsa ba. A na biyu ya faɗi gidan kowane kaya da ya karɓi karin. A na uku ya bar karin, ya bi abin da calo da kwantirabas ke yi a ƙasa.