Waiwaye: Sojan Amurka da Wahalar Bayan Yaƙi a Finafinan Koriya ta Kudu

Ranar 27 ga Yuli 1953 aka sa hannu kan tsagaita wutar yaƙin Koriya a Panmunjom, bayan shekara uku ana ɓarin wuta. Sojojin Amurka ba su koma gida ba, har yau akwai kimanin 28,500 a Koriya ta Kudu. A shekarun farko ƙasar na cikin mafiya talauci a duniya, abinci ma sai da agaji. Inda kuɗi ke motsi shi ne bakin sansanin soja: sigari, naman gwangwani, cakulan, dala. Sai unguwanni suka tsiro a jikin wayar sansani, a wurare irin su Dongducheon da Uijeongbu, waɗanda ake kira gijichon. Matan da ke hulɗa da sojojin aka laƙaba musu yanggongju, wato gimbiyar Turawa, suna ne na wulaƙanci. Masu shirya fim sun fi shekara sittin suna komawa wannan wuri, kuma da wuya su ɗora labarin a kan sojan da kansa. Abin da suke bi shi ne ɓarnar da dalarsa ke yi idan ta shiga gidan mayunwaci.

A 1958 Shin Sang-ok ya fitar da Jiokhwa, ma'ana furen jahannama. Matarsa Choi Eun-hee ta fito a matsayin Sonya, wadda wa da ƙani suka faɗa sonta, shi wan kuma sana'arsa satar kayan sansani yana sayarwa a kasuwar bayan fage. An ɗauki wasu sassan a ainihin titunan Seoul, shi ya sa fim ɗin ya zama shaida kan yadda birnin yake a lokacin.

Wanda ya fi shiga rai shi ne Obaltan na Yu Hyun-mok, 1961, wato harsashin da ya ɓace hanya. Cheol-ho akawu ne, yana zaune a Haebangchon, unguwar 'yan gudun hijira daga Koriya ta Arewa. Haƙori na ciwonsa tun farkon fim, albashi bai kai ya je a cire ba. Ƙanensa tsohon soja ne da ya rasa aiki har ya kai ga fashin banki. Ƙanwarsa na bin sojojin Amurka, shi ake kira ya je ya karɓo ta a ofishin 'yan sanda. Tsohuwarsu ta taɓu, tana kwance tana ta ihun "Gaja!", wato mu tafi. Ranar da matarsa ta rasu wajen haihuwa, da kuɗin da ƙanwar ta ba shi na asibiti ya je aka cire haƙorin, ya shiga tasi jini na zuba, ya kasa faɗa wa direba inda za a kai shi. Gwamnatin soja ta Park Chung-hee, wadda ta ƙwace mulki a watan Mayun shekarar, ta hana nuna shi, har ana zargin ihun tsohuwar kira ne na komawa Arewa. Sai a 1963 aka sake shi.

Daga nan baki ya rufu. Dokar fim ta 1962 da dokar yaƙi da kwaminisanci suka sa sukar ƙawancen Amurka ta zama abin da ke kai mutum gidan yari. An kama darakta Lee Man-hee saboda wani fim na 1965 da aka ce ya nuna sojan Arewa da tausayi.

Kisan Gwangju na Mayun 1980 ne ya sauya tunanin matasa, domin da yawa sun ɗauka Amurka ta zuba ido sojojin Koriya na harbin jama'a. Bayan dimokuraɗiyya ta samu a 1987, abin da ake raɗa ya fito fili. A fim ɗin Jang Gil-su na 1991, wanda aka ɗauko daga littafin Ahn Jung-hyo, sojan waje ya yi wa wata da mijinta ya rasu fyaɗe, ƙauye kuma ya juya mata baya har ta ƙare a gijichon. Nan ne ƙarfin waɗannan finafinai yake: laifin baƙo a bayyane yake, amma ba su wanke maƙwabci ba. Kim Ki-duk ya maimaita hakan a 2001 da labarin yaron da ubansa baƙar fata ne sojan Amurka, yana zaune da uwarsa cikin tsohuwar bas, tana aika wasiƙu Amurka suna dawowa da hatimin ba a san adireshi ba.

A Yunin 2002 motar sulke ta Amurka ta take 'yan makaranta mata biyu har lahira a Yangju, kotun sojan Amurka ta sallami sojojin biyu da aka tuhuma, dubban mutane suka fito da kyandira a Seoul. Shekara huɗu bayan haka Bong Joon-ho ya buɗe fim ɗinsa Gwoemul, wato dodo, da Ba'amurke yana tilasta wa ma'aikacinsa Bakoriye ya tuttular da ruwan adana gawa a magudana da ke kaiwa kogin Han. An yi hakan da gaske a sansanin Yongsan a 2000. Mutum sama da miliyan 13 suka kalli fim ɗin. Shi kuwa fim ɗin da aka yi kan kisan da sojojin Amurka suka yi wa 'yan gudun hijira a No Gun Ri cikin Yulin 1950, ya sha wuyar samun masu zuba kuɗi, ya ɗauki shekaru kafin ya fito.

Godiya ma ba ta gushe ba. Fim ɗin Gukje Sijang na 2014 ya fara da kwashe jama'a daga Hungnam, tashar jirgin ruwa a Koriya ta Arewa, a Disamban 1950, inda jirgin ruwan Amurka Meredith Victory ya ɗauki mutum kimanin 14,000, kuma mutum sama da miliyan 14 suka kalli fim ɗin. Cikinsa kuma akwai yara masu bin sojoji suna roƙon cakulan.

Matan gijichon, waɗanda aka daɗe ana ba da labarinsu da bakin wasu, su 122 suka kai gwamnatinsu ƙara a 2014. A Satumban 2022 Kotun Ƙoli ta yanke cewa hukuma ta kafa unguwannin, ta ƙarfafa sana'ar karuwanci, ta kuma tsare masu cututtukan jima'i da ƙarfi, aka umarci a biya kowacce cikin waɗanda suka rage a ƙarar diyya tsakanin miliyan 3 da miliyan 7 na won, kuɗin ƙasar.