Waiwaye: "Baba, ina takarda?"

Shekaranjiya da daddare a teburin mai shayi nan Bauchi Road a Jos, wani dattijo da muke zama da shi ya ce da shi aka yi gumurzun Abagana a yaƙin basasa, sai wani yaro da ko aure bai yi ba ya ɗago kai daga waya ya ce, "Baba, ina takarda?" Wurin ya yi tsit. Baba ya kurɓi shayinsa tukuna, sannan ya karanto lambarsa ta soja tun daga 63NA har ƙarshe ko numfashi bai yi ba, ya faɗi bataliyarsa, ya ce Murtala ne kwamandan rundunarsu. Takarda kuma ya ce ta ƙone tare da ɗakinsa a rikicin 2001.

Yaron bai yi laifi ba da ya tambaya, amma takardar nan da yake nema tana da dogon labari.

Tun daga 'yan Burma aka fara. A yaƙin duniya na biyu Turawan Ingila sun kwashi kakanninmu cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka kai su dazukan Burma yaƙi da Japan, aka gama a 1945. Da suka dawo kowa da labarinsa, kuma wa zai je Burma ya bincika? Fayil yana hannun Bature, takardar sallama da turanci take, mai ita ma sau da yawa sai an karanta masa. Shaidar mutum ita ce lambar yabon da ke ƙirjinsa da abokan da suka dawo tare. Sunayen barikokinmu ma daga can aka ɗauko wasu, irin su Dodan da Myohaung a Legas da Chindit a Zariya.

Yaƙin basasa ne ya dagula lissafi. Kafin Yulin 1967 sojan Najeriya wajen dubu 10 ne, zuwa Janairun 1970 sun kai kusan dubu 250, to ka ƙiyasta yadda aka ɗebi mutane, horo na 'yan makonni sai bakin daga, wani ya ƙara shekaru don a ɗauke shi, wani magatakarda ya rubuta sunansa yadda kunnensa ya ji, komai kuma da hannu a kan takarda, a tsakiyar yaƙi. Bayan an gama aka yi shekaru ana rage sojoji, kowa ya koma garinsu da takarda ɗaya a cikin akwatin ƙarfe, gara ta ci, ruwa ya jiƙa, mu kuma a Jos wuta ta ci nata rabon.

Da can idan mutum ya yi ƙaryar yaƙi dariya kawai ake masa a majalisa. Da fansho ya shigo sai abin ya koma maganar kuɗi, aka samu 'yan fansho na bogi, matattu suna karɓar kuɗi duk wata, shi ya kawo tantancewa da hoto da dangwala yatsa, Hukumar Fanshon Soja da ke Dutse Alhaji a Abuja ta zama wurin da dattawa ke tattaki da tsofaffin takardu a leda. Abin da ke ci mini rai shi ne mai bogi yakan zo da takarda fes don ya san ita za a duba, mai gaskiya kuma ya zo da tabon harsashi a cinya da lamba a ka.

Maƙaryata fa akwai su, kar a ce ina kare kowa. Amma kama su ba wuya in ka san tarihin. Wanda aka haifa a 1960 ya ce maka ya yi yaƙin Biyafara, shekararsa ba ta wuce 10 ba aka gama, sai dai ko ECOMOG, rundunar ƙasashen Afirka ta Yamma da aka tura Laberiya a 1990. Wanda ya ce a ƙarƙashin Adekunle, kwamandan runduna ta uku, suka kama Enugu ya zuƙa ta, Enugu runduna ta ɗaya ce ta Muhammadu Shuwa, shi Adekunle ta bakin teku ya bi, Bonny da Kalaba da Fatakwal, kafin Obasanjo ya karɓi rundunar a 1969. 'Yan mazan jiya ba sa ma wahalar da kansu, lamba, bataliya, wane ne sajan manjanku, tambaya uku sun gane ka. Na yanzu kuma masu sa kaki su ɗau hoto a Facebook suna cewa daga Sambisa suke don su yaudari 'yan mata, alhali doka ta hana farar hula sa kakin soja, wannan wani babi ne.

Ko Amurka ba su huta ba. Sun yi dokar hukunta mai ƙaryar lambar yabo, kotun ƙolinsu ta soke ta a 2012 wai 'yancin magana, suka sake wata a 2013 da ta tsaya kan wanda ya yi ƙaryar don ya samu kuɗi ko wata riba. Su ma gobara ta cinye musu miliyoyin fayilolin sojoji a St. Louis a 1973.

A teburin namu dai wani tsoho ne daga gefe, ɗan Legion, wato ƙungiyar tsofaffin sojoji, ya matso ya tambayi Baba ko yana nan lokacin da aka yi ta ƙoƙarin tsallaka Neja daga Asaba zuwa Anaca a Oktoban 1967. Baba ya ce yana nan, bai iya iyo ba, igiya ya kama. Suka kalli juna, ba wanda ya ƙara magana, yaron ya mayar da wayarsa aljihu ya ce wa mai shayi a ƙara wa Baba madara.